Skinny Puppy: daga kaset 35 a Vancouver har zuwa takardar da suka aika wa ma'aikatar tsaron Amurka

Mai Haɗa Sauti:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya da muke maganar yadda ake sarrafa murya da na'ura a waƙoƙin yanzu, na yi alkawarin kawo tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta Kanada mai salon da ake kira indastiriyal, wadda ta daɗe a raina, Skinny Puppy. Ga shi na cika, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Abin ya faro ne a birnin Vancouver a 1982. Wani matashi mai suna Kevin Crompton shi ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar Images in Vogue, masu kiɗa mai daɗin kunne irin wanda gidajen rediyo ke so. Aiki yana tafiya, amma hankalinsa ba ya wurin. In ya koma ɗaki sai ya zauna gaban na'urori yana haɗa sautukan da ya san babu gidan rediyon da zai saka. Ana haka ya gamu da wani Kevin ɗin, Kevin Ogilvie, mutumin Calgary. Da yake suna ya zo ɗaya, kowa ya sake nasa. Crompton ya koma cEvin Key, shi kuma Ogilvie ya karanta Kevin ta baya ya zama Nivek Ogre.

Ma'anar sunan ƙungiyar ramammen ɗan kwikwiyo. Tunaninsu shi ne a kalli duniya ta idon kare, wanda ake hantara, yana ganin duk abin da ɗan Adam ke yi, amma ba shi da bakin faɗa sai haushi da kuka. In ka riƙe wannan, za ka gane dalilin da ya sa muryar Ogre take fitowa kamar ana shaƙe shi. Ba gazawa ba ce, da gangan ake bi da ita ta cikin na'urar da ke yayyaga sauti.

A 1984 suka fitar da kaset na farko da kansu, Back and Forth, kwafi 35 kacal. A shekarar ne wani ƙaramin kamfanin faifai na garinsu, Nettwerk, ya ɗauke su, suka yi Remission, sai Bites a 1985. Bari in tsaya nan in ji ta bakinku kafin in ci gaba.

Baba Na Rediyo:
Wa alaikumus salam. Madalla da kai, ɗana. Kwafi 35 ɗin nan ya tsaya mini a rai, don yaran yanzu ba su san wahalarsa ba. Zamanin da nake aiki a gidan rediyo, in za ka gurza kaset sai ka haɗa rikoda biyu, ka zauna har zaren ya ƙare, ka juya ɗaya gefen, ka sake zama. Yankan zare kuwa da reza muke yi. A ɗora shi kan ɗan ƙarfe mai tsaga, a yi alama da fensir mai maiƙo, a yanka a karkace, a liƙe da salatif. In hannunka ya goce kaɗan, ka cinye wa mai magana rabin kalma. Duk wanda ya yi kaset a wancan lokaci da hannunsa, ya sha aiki.

To amma ku fahimtar da ni, mene ne wannan indastiriyal ɗin? Ƙarar injin masana'anta suke ɗauka su ce kiɗa?

Bahaushen Edmonton:
Baba, ranka ya daɗe, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Sunan ya samo asali daga Ingila. Ƙungiyar Throbbing Gristle ce ta kafa kamfaninta na faifai a 1976 ta sa masa Industrial Records, daga nan lakabin ya bi duk masu irin wannan salo. Akwai Cabaret Voltaire daga Sheffield, garin da aka sani da narkar da ƙarfe. A Berlin ta Yamma kuma Einstürzende Neubauten suka fito a 1980, su kam da guduma da tarkacen ƙarafa da injin huda bango suke hawa dandamali. Can Beljiyam, Front 242 suka ɗauki abin suka ba shi bugu mai tsauri wanda za a iya takawa.

Skinny Puppy sun zo ne a tsakiya. Ba su zubar da bugun ba, amma suka lafta masa sauti bisa sauti har ya zama kamar mafarki mai firgitarwa. Wannan reshen ne ake kira elektro-indastiriyal, kuma kusan duk wanda ya zo bayansu a reshen nan ya sha daga rijiyarsu.

Autan Zaure:
Yaya Mai Haɗa Sauti, wallahi na nemo Bites na saka a kunne, minti biyar ban kai ba na cire. Ni da nake haɗa bit a kwamfuta kullum, na kasa gane inda aka dosa. Murya a can ƙasa, wasu mutane suna magana a tsakiya, ganga kamar ana buga ƙofar ƙarfe. Me ya kamata in saurara a ciki?

Mai Haɗa Sauti:
Ƙanena, ba laifinka ba ne, kunne sai da sabo. Ka sake sakawa, amma kada ka bi muryar. Fara da ƙasa. Akwai injin ganga yana ba da bugu, a kansa akwai sintisaiza mai maimaita 'yan sautuka kaɗan ba ta gajiya. Wannan shi ne ginshiƙin ɗakin. Mutanen da kake ji suna magana kuwa gutsattsarin sauti ne da aka yanko daga finafinan ban tsoro da rediyo da talabijin, aka dasa su daidai inda za su yi ma'ana. Yau kai da linzamin kwamfuta za ka ja ka ajiye cikin daƙiƙa biyu. Su a lokacin, samfila ɗin da ake da su, wato na'urorin ɗaukar guntun sauti, 'yan daƙiƙoƙi kawai suke iya riƙewa, dole ka zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Ƙarancin ne ya koya musu zaɓe.

Ni abin da na koya daga gare su a aikina shi ne, ba kowane datti ake sharewa ba. Akwai ranar da wani mawaƙi ya rera baiti kan rasuwar mahaifiyarsa a sitidiyonmu, muryarsa ta karye a tsakiyar kalma, har ana jin numfashinsa yana rawa. Ya ce in gyara. Na roƙe shi ya bari mu saurara sau ɗaya a haka. Da ya ji, shiru ya yi, sannan ya ce a bar shi.

Mu koma tarihi. A 1986 aka yi sauyin da ya gina ƙungiyar. Bill Leeb, wanda ke tare da su tun farko-farko, ya fita ya kafa tasa, Front Line Assembly, wadda ita ma ta yi suna. Sai Dwayne Goettel ya shigo daga Edmonton, mutumin da ya koyi fiyano a ƙa'ida. Shi ya kawo musu zurfi. Daga zuwansa, a ƙarƙashin duk wannan hayaniyar za ka riƙa jin wani amo mai taushi da ban tausayi. Akwai kuma Dave Ogilvie, mai haɗa musu sauti, wanda mutane da yawa ke lissafawa a matsayin ɗan ƙungiya na huɗu. Sunan mahaifi kawai suka haɗa da Ogre, ba dangi ba ne.

Malam Na Damagaram:
Salamu alaikum. Na bi bayanin, na kuma je na kalli hotunan wasanninsu. Gaskiya raina bai kwanta ba. Mutum ya shafe jikinsa da jinin ƙarya, ana nuna hotunan gawa da yanka a bayansa, jama'a suna ihu. Ina amfanin wannan? In kana ƙin mugunta, sai ka cika idon mutane da ita? Ni a ganina wanda ya saba kallon jini, tausayinsa raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba.

Mai Haɗa Sauti:
Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma faifansu na 1988, VIVIsectVI, shi ne inda za a auna ta. Jigonsa gwajin da ake yi a kan dabbobi masu rai. A ciki akwai waƙa kan amfani da makamai masu guba a yaƙin Iran da Iraƙi, a shekarar da aka yi wa garin Halabja na Iraƙi ruwan iskar guba. A wasannin wannan faifan, Ogre yakan fito a matsayin mai gwaji, yana feɗe wani kare na roba da tsumma a gaban jama'a. A birnin Cincinnati na Amurka wani ɗan kallo ya zaci karen gaske ne ya kira 'yan sanda. Aka yi cacar baki, aka kama Key da Ogre da mai kula da tafiyarsu, suka kwana a tsare, aka ci su tara.

Abin da nake so ka duba, mutum ya ga ana yanka karen tsumma ya kasa haƙuri, alhali ana yi wa na gaske haka a bayan ƙofofi kullum ba mai kiran kowa. Wannan tazarar suke so mai kallo ya ji a jikinsa.

Malama Ta Ɗakin Gwaji:
Ku ba ni dama in shigo nan, don wannan fagena ne. Ina koyar da ilimin haɗa magunguna, kuma da ɓeraye nake aiki. Farare ne, idonsu ja, in ka ɗago ɗaya ta gindin wutsiya ka kwantar a tafin hannu za ka ji zuciyarsa tana bugawa da sauri kamar agogo. Ranar da na fara yi wa ɗaya allura ina ɗaliba, ban iya cin abincin dare ba. Har yau ba na barin ɗalibi ya yi wasa ko dariya a ɗakin nan.

Amma ina da ja da waɗannan mawaƙa. A ƙasarsu Kanada, a Toronto, a 1921, Banting da Best suka gano insulin, kuma a kan karnuka suka yi gwajin. Mahaifina shekara da shekaru yana rayuwa da wannan allurar. In ce masa me? Nuna feɗe kare a dandamali abu ne mai sauƙi, tsayawa gaban mai ciwon suga ka ce da ba a yi ba shi ne mai wuya.

Inda na yarda da su shi ne gwajin da ba na ceton rai ba, irin na kayan kwalliya, da kuma sakaci, a bar dabba cikin azaba alhali akwai maganin kashe zafi. A nan kam ihunsu yana da amfani.

Malam Na Damagaram:
Malama, Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya. Maganarki ta fi kama hankalina. Mu da aka karantar da mu cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, wani kuma aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba mu buƙatar jinin ƙarya kafin mu san haƙƙin dabba. Amma na karɓi abu ɗaya daga Mai Haɗa Sauti: mutanen nan ba don nishaɗi kawai suke yi ba, akwai abin da ke cin su.

Autan Zaure:
To in suna da tasiri haka, me ya sa ba mu taɓa jin su ba? Nine Inch Nails kam na san su.

Bahaushen Edmonton:
Auta, ka taɓo wurin. A zagayen wasannin 1988 ɗin nan, Nine Inch Nails ne ke buɗe wa Skinny Puppy fili kafin su hau. Trent Reznor, jagoran Nine Inch Nails, da bakinsa ya amsa cewa waƙarsa ta farko da ta fita ta ɗauko salo daga wata waƙarsu. Shi ya sa wa abin amshi da tsarin da rediyo za ta iya ɗauka, ya sayar da miliyoyi. Su suka ƙi sassautawa, suka zauna da jama'arsu ta ƙananan kulob da shagunan faifai na lungu.

Sai dai ba ƙin sassauci kaɗai ya tsayar da su ba, akwai ɓarna daga cikin gida. A 1989 Al Jourgensen na ƙungiyar Ministry ya sa hannu a faifan Rabies, ya shigo da jita mai nauyi, kuma kusancinsa da Ogre ya raba kan ƙungiyar, Ogre a gefe, Key da Goettel a gefe. Duk da haka suka yi Too Dark Park a 1990 da Last Rights a 1992, waɗanda masoyansu da yawa ke ɗauka su ne ƙololuwa. Amma ƙwaya ta riga ta shiga tsakaninsu.

Daga nan suka bar Nettwerk suka koma American Recordings, kamfanin furodusa Rick Rubin, suka tare a Malibu ta Amurka don yin sabon faifai. Aka yi ta canza masu haɗa sauti, aiki ya ƙi ƙarewa, zumunci ya lalace. A watan Yunin 1995 Ogre ya fice. Ranar 23 ga Agusta, 1995, aka tarar da Goettel ya mutu a gidan iyayensa a nan Edmonton, hiroyin ce ta yi masa yawa. Shekararsa 31. Faifan, The Process, ya fito a 1996 bayan babu ƙungiyar.

Ina zaune a garin nan, kuma ina wucewa ta tsakiyar birni da sassafe in zan tafi aiki. Lokacin sanyi, da ƙanƙara ko'ina, za ka ga matasa a tashar jirgin ƙasa sun dunƙule, kai a ƙasa, ba su san inda suke ba. Duk sanda na gan su sai in tuna mutumin nan ya dawo gida ne wajen iyayensa, inda ya kamata ya tsira.

Baba Na Rediyo:
Kai, abin tausayi. Shekara 31, yaro ne ɗanye. Iyayen nake tunani. Mu ma nan mun binne 'ya'yan mutane saboda kayan maye, masu basira, waɗanda in suka taɓa abin kiɗa sai ka tsaya. Ku masu sitidiyo, ɗana, ku sa ido a kan yaran da ke kwana wurinku.

Mai Haɗa Sauti:
In sha Allahu, Baba. Muna yi, kuma za mu ƙara.

Bayan rasuwar, Key ya ci gaba da Download, aikin da suka faro tare da Goettel, Ogre kuma ya yi nasa da Mark Walk da sunan ohGr. Shekara biyar ba Skinny Puppy. Sai a watan Agustan 2000 su biyun suka sake hawa dandamali ɗaya a bikin Doomsday a Dresden ta Jamus. A 2004 suka fitar da The Greater Wrong of the Right, wanda ya fito da adawarsu da yaƙe-yaƙen Amurka na lokacin a fili.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan tarihi tun farko. Wani da ya yi gadi a sansanin Guantanamo, wanda kuma mai son kiɗansu ne, ya sanar da su cewa ana saka waƙoƙinsu da ƙarfin tsiya don a gallaza wa fursunoni. Ku duba fa. Mutanen da suka shafe shekara 30 suna kuka kan azabtar da mai rauni, sai ga sautinsu ya zama bulala a hannun mai azabtarwa. Wannan ne ya haifi faifan Weapon a 2013, kuma a farkon 2014 labari ya bazu cewa sun aika wa ma'aikatar tsaron Amurka takardar neman biyan dala 666,000 na amfani da kiɗansu ba izini.

Malam Na Damagaram:
A nan kam ba zan yi shiru ba. Waɗanda aka tsare a wurin nan tun 2002 Musulmi ne, da yawansu an sake su ba tare da an taɓa gurfanar da su gaban kotu ba. An hana su barci, an ɗaure su a ɗaki mai sanyi, an sakar musu ƙara. Amsar wannan ita ce takardar kuɗi? Ma'anarta ke nan in an biya, shi ke nan an wanke? Sannan adadin da suka zaɓa, 666, lamba ce da Kiristoci ke dangantawa da Dabbar da aka ambata a ƙarshen littafinsu. Wato ko a wannan wurin ba su bar wasan kwaikwayonsu ba. Wanda aka azabtar bai samu komai ba, su suka samu kanun labarai.

Malama Ta Ɗakin Gwaji:
Malam, na ji zafin maganarka, kuma ina tare da kai a kan cewa fursunonin ne ya kamata su kasance a tsakiyar labarin. Amma ka duba abin da ke hannun mawaƙi. Ba shi da kotu, ba shi da soja. Ƙofa ɗaya da doka ta bar masa ita ce haƙƙin mallakar waƙarsa. Ta nan suka shiga. Key ya faɗa a hirarrakin lokacin cewa abin da ya ɓata masa rai shi ne a cutar da wani da kiɗansu. An yi amfani da waƙoƙin mawaƙa da dama a wurin, har da na shirye-shiryen yara, kuma ba kowa ne ya buɗe baki ba.

Malam Na Damagaram:
Na yarda sun fi wanda ya yi gum. Amma da ni ne, da sunayen fursunonin zan karanta a dandamali kowane dare, ba adadin kuɗi ba.

Mai Haɗa Sauti:
Malam, wannan da ka faɗa ya fi takardar ƙarfi, ban musa ba. Ni abin da ya hana ni barci da na fara karanta labarin, a matsayina na mai wannan sana'a, shi ne sanin da na yi wa sauti. Na san abin da ƙara mai tsanani ke yi wa kunne cikin awa ɗaya, na san yadda kai ke sarawa, kunne ya riƙa ƙugi har washegari. Ni da hannuna nake rage maɓallin in na gaji. Wancan mutumin hannunsa a ɗaure yake. Wanda ya sayi tikiti ya shiga wasan Skinny Puppy ya zaɓi ya ji tsoro na awa biyu, kuma ƙofa a buɗe take. A ɗakin can babu ƙofa. Sautin ɗaya ne, amma ba abu ɗaya ba ne.

Autan Zaure:
Yaya, jikina ya yi sanyi. Har yanzu suna nan?

Bahaushen Edmonton:
Sun rufe, Auta. A 2023 suka yi zagayen bankwana a Amurka da Kanada, suka ƙare a Los Angeles a watan Disamba. Key da Ogre kowa yana ci gaba da nasa aikin.

Autan Zaure:
To da wanne zan sake gwadawa? Bites ya kore ni.

Mai Haɗa Sauti:
Fara da Remission, gajere ne kuma bugunsa a fili yake. In ya zauna maka, ka tsallaka Too Dark Park don ka ji hannun Goettel. Kada ka ƙure ƙara, kuma ka sa abin kunne mai rufe kunne duka, ba sifikar waya ba, in ba haka ba rabin abin da ke ƙasa ba zai fito ba. Last Rights ka bar shi sai ƙarshe.

Baba Na Rediyo:
Ɗana, in za ka shigo unguwarmu ranar Asabar, ka zo mini da na farkon nan, mai kwafi 35, in ana samunsa. Ina so in ji ko kunnena zai iya gano inda suka yanka zare.

Mai Haɗa Sauti:
Ana samu, Baba, an sake fitar da shi a faifan CD a 1992 tare da ƙarin wasu waƙoƙin. Zan zo da shi bayan la'asar.